Lungun Sakkum na Ummi

A ƙauyenmu da ke gindin dutsen Zagwan, mace za ta ara miki sarƙar aurenta kafin ta gaya miki inda take tsinko sakkum. Kowace tsohuwa da nata lungun a kan dutse, inda siraran tsiron nan kore ke leƙowa daga ƙarƙashin ƙaya idan sanyi ya fara janyewa. Ko 'yar cikinki ba kya nuna mata sai shekarar da ƙafarki ta gaza hawa. Lungun mahaifiyata Mbarka, wadda muke kira Ummi, kuwa ya fi na kowa. Mata su sauko da abin da bai cika tafin hannu ba, ita ta sauko da ɗauri kamar na kirare.

Na roƙe ta tun ina budurwa, na sake roƙonta da mijina ya rasu na dawo gida. Amsar ɗaya ce: "Kin ga na mutu ne, Munjiya? Ki bari ƙafata ta ce ta gaji." Ƙafar ba ta taɓa cewa uffan ba. Kan ne ya gaji, cikin sanyin bana. Ta fara zuba gishiri a shayi, wata rana ta kira ni da sunana, wata rana ta gaishe ni kamar baƙuwa. Abincin ma sai da lallashi. Ni ko tsoro ya cika ni, kada lungun da kakannina mata suka riƙe ya tafi da ita.

Maƙwabciyarmu Hira ba ta bar ni na sha iska ba. "Ke dai kin yi sake," in ji ta ta kan katanga. "Tun muna amare nake bin tsohuwar nan a ɓoye. Ta yi ta zagaye da ni a dutse har takalmina ya tsinke, in dawo da ƙaya a zane. Ke kuwa tukunya ɗaya kuke ci, kin kasa tatsar ta."

"Gwaggo Hira, ko na sani ba kunnenki zai ji ba."

"Ai na sani. Uwa da 'ya duk kanwar ja ce."

Ƙanena Lutfi, da yake shi komai a kasuwa yake nemansa, ya kawo mana sakkum na gona daga Tunis, farare masu kauri kamar yatsun mahauci. Ummi ta ɗaga ɗaya ta sansana. "Wannan ai a kan katifa ya girma," ta ce, ta ture kwanon.

Ran nan aka kwana ana ruwa. Da safe na tarar da ita ta ɗaure kai, tana neman ƙaramar wuƙarta da kwando. Murna ta kama ni. Ban tambaye ta komai ba, na sa Lutfi ya sauke mu a gindin dutse, na ce ya juya, ba harkar maza ba ce.

Tsohuwar da nake riƙe wa hannu zuwa bayan gida, sai ga ta tana hawa kamar akuya, ni ce ke haki a baya. Ina tafe ina haddace hanya: ga zaitun da tsawa ta tsaga, ga 'yar ƙorama, ga faskon dutse. Ta duƙa nan ta tsinki biyu, ta duƙa can ta tsinki ɗaya, duk 'yan ramammu. Na ce a raina, muna dai hanya. Sai ga zaitun ɗin nan kuma. Na ɗauka ɓata ta yi, tausayi ya kama ni. Da muka sake ɓullowa gabansa, na ga ta sace kallona ta gefen ido tana ɗan murmushi. Nan na gane. Ba ɓata ta yi ba, ta san inda take sarai. Zagaye take yi da ni, irin wanda ake yi da 'yan leƙen asiri.

"Ummi, ni ce fa."

"Na sani mana," ta ce, da irin ladabin da ake yi wa baƙo. "Bana dutsen bai bayar ba. Mu koma."

A gida na dafa ɗan abin da muka samo. Na karya kowane tsiro da hannu daidai inda ya yarda ya karye, na zuba man zaitun a kasko da tafarnuwa da ɗanyar albasa, na ƙara koren wake da na ɓare don ya yi auki. Tana zaune a bakin ƙofar kicin tana sa ido. "Kada ki sa ruwa. Fasa ƙwai a kai, ki ƙyale shi, ba a juyawa." Duk wannan tana tune da shi. Na gutsuro burodi mai zafi na ajiye mata.

Ta ci, ta ci sosai, har ta suɗe kaskon, abin da na manta rabon da in gani. Ta goge baki ta kamo hannuna.

"Baiwar Allah, hannunki na da daɗi, kuma kina da kirki. Kada ki ƙullace ni a kan abin ɗazu. Wurin ba nawa ba ne da zan bayar. Na 'yata ne, Munjiya. Ita nake jira in kai."

 Na ce, "In kuma ba ta zo ba fa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ba ki san ta ba shi ya sa. Yarinyar nan ba ta taɓa barina ina jira ba."

Ta jawo kujerarta ta fuskanci ƙofar gida, ta ɗora kwandon a cinya. Na ɗauki kaskon na juya mata baya ina wankewa, don ba ta son ganin baƙo yana kuka a gidanta.