Kunnen Hagu na Baba Silima

Ku gafarce ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma yayata ta ce wadda muryarta ke rawa wajen gaishe da baƙo ba ta da abin faɗa wa duniya. Wataƙila gaskiyarta ce. Amma maƙwabcinmu ya rasu, ana ta cewa a layinmu ya mutu cikin gata, ni kuwa ba haka na gani ba.

Ranar da abin ya fara, wani saurayi ne tsaye kan tsani a falon maƙwabcin namu, Baba Silima, yana huda bango, garin siminti na zuba a kan kafet. Kwalaye sun cika ɗakin har ba wurin ajiye ƙafa. Ina lungun da na saba zama, tsakanin taga da kantar littattafai, don a gidanmu ba a samun shirun karanta ko shafi ɗaya, shi kuwa Baba ya daɗe da ba ni wannan lungun.

"Sifiku biyar ne, Baba, da babbar ta bas mai kaurin murya," in ji Manaja, ɗansa tilo, yana nuni da wayarsa. "Biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya a tsakiya. Idan jirgi ya wuce a fim sai ka sunkuya."

"Ni da na tsufa a bayan allon silima za ka gaya wa yadda jirgi ke wucewa?"

"Wancan zamani daban, wannan daban."

"Kunne dai ɗaya ne," in ji Baba.

Iya, matarsa, ta dube shi daga bakin ƙofa, shi kuma ya kau da kai.

Duk ƙuruciyarsa shi ke kula da sauti a wani gidan silima, can ya samo sunan. Da aka rufe gidan aka mai da shi shagon katifa, sai ya dawo gida ya haɗa wa kansa sifiku biyu na katako, kowace ta kai mini ƙugu. Da hannunsa ya fere katakon, ya shafa musu mai har suna ƙyalli. A gabansu yake wuni, kan kujerarsa da ke tsakiyar falo, yana jin tsofaffin faifansa.

Abin da ba a sani ba a waje shi ne, kunnensa na hagu ya yi nauyi. Mutumin da ya ci abinci da kunne ba zai yarda a ji wannan ba, gara a ce masa makaho. Sai ya yi dabara. Ya buɗe sifikar dama ya cusa mata tsumma don ta rage murya, ya karkatar da ta hagu ta fuskanci kujerarsa, ya murɗa maɓallin amfilifaya, na'urar da ke ba su murya, zuwa hagu, sannan ya cire kan maɓallin ya ɓoye. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji waƙa ta karkace kamar jaki mai kaya gefe ɗaya. A kunnen Baba kuwa mawaƙin yana tsaye daidai gabansa. Iya ta sani. Ni ma na gane, don na lura ba ya amsa gaisuwata sai na zagayo ta damansa.

Da saurayin ya gama ja wayoyi, sai ya ce Baba ya tashi daga kujerar. Ya kafa wani ɗan makirfo a inda kan mutum zai kasance, ya ce kowa ya yi shiru. Sifikun suka riƙa huci ɗaya bayan ɗaya, gaba, tsakiya, baya, ta bas ɗin ta yi gurnani har gilashin taga ya motsa.

"Shi ke nan, Alhaji," ya ce. "Ta auna ɗakin, ta daidaita kanta. Kada a taɓa komai."

"Ta auna ɗakin," in ji Baba. "Mai ɗakin fa?"

Saurayin ya yi dariya, ya ɗauka raha ce.

Aka sa fim. Manaja ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Baba ya zauna yana karkata kai kamar kaza mai kallon sama, don duk duniya ta koma kunnensa na dama, hagunsa kuwa kamar an rufe ƙofa.

Bayan azahar Mai Gwanjo ya iso, wani mai shagon tsofaffin kayan wuta a bakin titi. Manaja ne ya kira shi, wai tsofaffin sifikun sun tare wuri. Ya jona su ya saurara, ya ƙwanƙwasa ta dama da yatsa.

"Wannan ai mura take yi. Ta mutu, ranka ya daɗe. Guda ɗaya zan saya, ɗayar taimakonku zan yi in ɗauke."

Na ga bakin Baba ya motsa. Kalma ɗaya ce za ta cece su: a buɗe bayanta a cire tsumma. Amma sai an tambaye shi dalilin tsumman, a gaban ɗansa, da baƙo, da yaron da ke naɗe waya. Ya haɗiye maganar.

"Ba na sayarwa ba ne," abin da ya iya cewa ke nan.

"Haba Baba, me za ka yi da akwatin gawa biyu a falo?" in ji Manaja. Ya ji nauyin kalmar bayan ta fita, sai ya yi saurin ce wa Mai Gwanjo, "Kwashe su kawai, mu yi magana a waje."

Sai da mutum biyu suka kama kowace ɗaya. Baba bai raka su da ido ba.

Iya ta yi haƙuri na 'yan kwanaki tana ganin mijinta ya daina taɓa faifai. Da Manaja ya zo a ƙarshen mako da abokansa kallon ƙwallo, ta ja shi kicin. Ina tsakar gida ina wanke mata kofuna, na ji su.

"Kunnen ubanka na hagu ba ya ji sosai. Shi ya sa ya gyara waɗancan yadda ya gyara su. Ka sa a ƙara wa na hagu murya."

"Shi ya faɗa miki?"

"Sai ya faɗa? Wa ke kwana a gefensa?"

"To ai asibiti ya kamata a kai shi, Iya, ba a ɓata saiti ba. Ƙwararre na kira ya yi aikin nan. In an karkatar da shi don mutum ɗaya, sauran masu kallo fa?"

"Su waye sauran? Gidan wa?"

"Zan duba," ya ce, ya fita da farantin kofuna.

Saitin a wayarsa yake, rimot ɗin da ya bar musu ƙara murya da ragewa kawai yake yi. In Baba ya ƙara, sai kunnen dama ya yi masa zafi, na hagu bai samu komai ba. Asibitin ma ba a je ba, sai daga baya da ƙafafunsa suka kumbura likita ya ce zuciya ce.

Ran nan Iya ta yafa mayafi ta ce in raka ta wurin Mai Gwanjo, don ba ta son tsallaka titi ita kaɗai. Shagon Mai Gwanjo ƙunci gare shi, fankoki marasa fuka-fukai da tsofaffin rediyo har rufi. Muka same shi zaune kan wani akwati yana cin gyaɗa. Sai da ya miƙe na gane akwatin: ɗaya daga sifikun Baba ne. An ƙwaƙule wa akwatin ido, rami biyu kawai suka rage a gaba.

"Ai kin makara, Mama. Kayan cikin na cire na sayar wa masu haɗa sifikar mota. Kin san abin dariya? Wadda na ce ta mutu lafiyarta lau. Wani ne ya cusa mata tsumma, ko yara ne oho." Ya jawo tsumman daga ƙarƙashin tebur, ya riga ya yi baƙi da man inji. "Kin gan shi."

Iya ta karɓa ta juya shi a hannunta. "Tsohon zanena ne," ta ce.

"To ɗauki abinki, kyauta."

Ta ajiye masa a kan tebur. Muka kama hanyar gida. A ƙofa ta ce, "'Yar nan, ba mu je ko'ina ba." Amma Baba na ganin ƙurar titi a takalmanta ya gane, bai tambaya ba.

Daga nan ya fara jan kujera. Kullum in na shigo sai in ga ta ɗan matsa hagu. Mutumin da numfashi ke yi wa wuya, shi ne zai dafa ya tura, ya huta, ya sake turawa. Iya ta ce a bari ta taimaka, ya ce ai motsa jiki yake yi, likita ya ce yana da kyau. A ƙarshe kujerar ta kai bango, ƙarƙashin ƙaramar sifikar hagu, inda ko allon talabijin ba a gani sai a karkace. Nan yake zama, ya jingina kai da bango.

"Yaya, Baba, ana ji?" na tambaye shi wata rana, ta damansa.

"Ana jin rabi," ya ce. "Mai ganga na nan, mai waƙar ya fita shan iska. Karanta littafinki, 'yar boko."

Manaja ya zo ya ga kujerar, ya ce, "Baba, ai nan ne wuri mafi muni a ɗakin. Tsakiya aka auna."

"Na sani. Ni na koya wa mutane tsakiya."

"Bari in na samu lokaci zan kira yaron nan ya duba."

Bai samu ba. Wata safiya da hantsi Iya ta kawo masa shayi ta same shi a haka, kai a jikin bango, faifai na ta juyawa. Ta ce da ta taɓa shi, gefen fuskarsa na hagu ya ɗauki sanyin siminti.

Bayan an kwana biyu, masu gaisuwa sun ragu, abokan Manaja suka cika falon. Na shigo da tiren ruwa daga gidanmu, na tsaya a bayan ƙofa don ban san inda zan ajiye ba. Wani mai tumbi yana kallon bango yana cewa, "Kai, ka kyauta wa tsoho. Ba kowane ɗa ba ne zai yi wannan."

"Ai ya ji daɗinsu," in ji Manaja. "Kullum yana manne da su."

Ya kama kujerar da hannu ɗaya ya jawo ta tsakiya, ya zaunar da mai tumbin. "Zauna nan ka ji. A hankali zan sa, saboda mutane." Ya latsa wayarsa, wani kiɗa mai sanyi ya zagaye ɗakin. Mai tumbin ya lumshe ido.

Ba wanda ya lura da Iya. Ta shigo ta zauna a ƙasa, a lungun da aka janye kujerar, ta jingina da bango. Na ga ta zura hannu cikin mayafi ta toshe kunnenta na hagu, tana saurare, idonta a kan kafet.

Na ajiye tiren a ƙasa a hankali don kada kofunan su yi ƙara. Na ɗauki takalmana a hannu, sai da na kai ƙofar gida na sa su.