Fure Ɗaya Ya Ɓace

Sai da Munsif ya cire hular aiki da azahar sannan ƙamshin ya doki hancinsa. Ya kai hannu bayan kunne, ya taɓa abin.

Mashmum ne, ɗan damin furen yasmin da mazan garin Monastir na Tunisiya ke maƙalawa a kunne idan zafi ya shigo. Yayarsa Najiba ce ta maƙala masa da safe a ƙofar gidanta, tana ta sa masa albarka. Ya ɗauki 'yarta Sirin ya ɗora a kafaɗa, ya zagaya da ita tsakar gida, motar ma'aikata ta yi hon, ya sauke ta ya ruga. Daga nan bai sake tunawa da shi ba. Ɗakin da yake aiki kuwa ko agogo ba a shiga da shi, ko kwalli, balle fure.

"A'a, ango," in ji Nizar, abokin aikinsa, yana kwance takunkumi. "Yaushe aka ɗaura ba a gayyace mu ba?"

Munsif ya zare mashmum ɗin daga kunne. Damin yake juyawa a tafin hannu. Kowane fure a soke yake a kan tsinken ciyawa, an ɗaure su da jan zare. Tsinke ɗaya daga gefe tsirara yake, babu furensa.

Aikin masana'antar shi ne balan-balan na silikon, irin wanda likita ke binnewa a ƙarƙashin fata. Duk mako a ɗura masa ruwan gishiri kaɗan, yana kumbura fata na miƙewa, har ta yi yawan da za a jawo ta a rufe tabo. Wanda Munsif ya yi yau na Sirin ne. Tana shekara huɗu butar shayi ta kife mata daga kan kaskon garwashi, gefen kanta na hagu bai sake fitar da gashi ba. Kanta ƙarami ne, babu na kasuwa da ya yi mata, sai likita ya ce a yi mata nata, mai siffar jinjirin wata. Munsif da bakinsa ya roƙi Madam Wasila, shugabar sashe, ta bar shi ya yi da hannunsa.

Tun safe yana sunkuye a kan tukunyar silikon. Ya tsoma ƙarfen zubi, ya ɗago, ya juya shi a hankali, ya bari ya sha iska, ya sake tsomawa. Kansa a saman tukunyar, kuma robar hularsa ta daɗe da saki.

Suka duba cikin hular. Suka kakkaɓe rigar, suka leƙa wuyanta, suka cire takalma. Nizar har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin benci. Babu.

"To wa ya gani?" Nizar ya yi ƙasa da murya. "Ni dai mura nake yi, ban ji ƙamshin komai ba. Fure ne fa, ɗan'uwa, ba ƙusa ba."

"A kan Sirin za a sa shi."

"Ai za a haska shi a fitila, a tsoma shi a ruwa. In da abu za a gani."

"Gindin balan-balan ɗin fa? Wurin da yake da kauri?"

Nizar ya sosa ƙeya. Shi ma ya san haske ba ya ratsa gindin sosai.

Abincin da Najiba ta ƙunsa masa, burodi da kifin gwangwani da yaji, ko buɗe shi bai yi ba. Wani hoto da aka nuna musu ranar da suka fara aiki yake ta dawo masa: balan-balan da ya fashe a cikin mutum, fata ta yi baƙi, ta ruɓe. Ɗan ɓurɓushi ne ya shiga robar, wurin bai haɗe ba, ya jure gwaji lafiya, sai da aka yi wata biyu ana ɗura ruwa ya buɗe. Sirin kuma fatar kanta mai kyau ba ta da yawa. In wannan ta lalace, babu wata.

In kuma ya faɗa, za a zubar da tukunyar gaba ɗaya. Sabon silikon ta jirgin ruwa yake zuwa, sai wata ya kama. An riga an sa ranar tiyata, Najiba ta gaya wa kowa a layinsu cewa 'yarta za ta shiga makaranta ba ɗankwali.

Da la'asar aka fito da balan-balan ɗin daga tanda, aka saɓule shi daga ƙarfen. Madam Wasila ta ɗora shi a kan fitila, ta juya gaba ta juya baya. Ta hura masa iska, ta danna shi cikin ruwa. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Hannunka da kyau, Malam Munsif," ta ce. Ta miƙa hannu za ta ɗauko ledar da ake rufewa.

Zufa na bin bayansa duk da sanyin ɗakin. Ya ga Nizar ta bayan gilashi yana girgiza masa kai.

"Madam, da mashmum na shiga yau. A ƙarƙashin hula. Fure ɗaya ya ɓace."

Hannunta ya tsaya a inda yake. Ba ta ɗaga murya ba, shi ne ma ya fi ba shi tsoro. Ta sa aka kawo rariya aka tace tukunyar a gabanta. Suka zuba ido har ɗigon ƙarshe ya wuce. Rariyar fes.

Nizar ya ce, "Alhamdulillahi, kin gani ko, Madam."

"Me na gani? Da mun same shi a nan, da na san ba ya cikin wancan." Ta miƙa wa Munsif almakashi. "Kai ka yi shi, kai za ka yanka. Gobe ka same ni a ofis."

Ya yanka shi gida biyu, ya sake yankawa, yana haska kowane yanki, yana fatan ya ga ɗan ɗigon fari. Bai ga komai ba.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gidan Najiba. Ƙamshin suya ya tarbe shi tun daga ƙofa, ta yi masa girki na musamman. Bai shiga ba. A tsaye ya gaya mata, kansa a ƙasa.

Ta sauke ludayin da ke hannunta. "Ni na sa maka shi," ta ce a hankali.

"Ni na manta, Yaya."

"Likitan zai sake ba mu rana kuwa?"

"Ban sani ba."

Ta juya ta koma madafa, ba don wani abu na ƙonewa ba.

Sirin ta fito da ɗankwalinta mai ruwan hoda, ta kama ƙafarsa. "Kawu, ka gama min balan-balan ɗin?"

"Saura kaɗan, uwata."

Ta leƙa wajen madafa, ta jawo hannunsa ya sunkuya. "Kada ka gaya wa Mama." Ta buɗe ɗan gwangwanin alewa da take ajiye maɓallai a ciki. A tsakiyarsu ga fure, ya yamushe, ya yi ja-ja. "Lokacin da ka ɗora ni a wuya na tsinka. Ɗaya kawai."

Ya zauna a kan dakali.

"Ɗaya kawai? Kin tabbata?"

Ta gyaɗa kai, ta rufe gwangwaninta.

Ya zaro mashmum ɗin daga aljihu. Zafin jiki ya sa ya fara zuba, wasu furannin sun maƙale a zaren aljihun. Ya matsa inda sauran hasken rana yake, ya shiga bin tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, yana duba ko furen nata ne kaɗai ya ɓace tun safe.