Zanen da Ke Jikin Kwalbar Farfesa

Ruwa na ɗaukewa da hantsi Malam Ikrima ya zaro kwalbar awon ruwa daga gindin katangar maƙwabcinsa, ya faɗa gidan ko takalmi babu. Gari kuwa ya watse, kowa ya saɓa sungumi ya yi gona. Shi kam irin geronsa kwano uku ne kacal, abin da gara ta rage masa. In ya ƙone a ƙasa, bana sai kallo.

Sati biyu ke nan maƙwabcin nasa, Farfesa Mika'ilu, na kwance ba lafiya. Shekara arba'in ya yi a jami'a yana nazarin damina, ɗalibansa ma sun zama farfesoshi, taswirarsa ta ruwan sama har ƙasashen waje ta kai shi. Amma a ƙauyen nan na bayan Kunci aikinsa ɗaya aka sani, shi ke cewa a shuka ko a dakata. Tun da ya yi ritaya ya dawo gida Ikrima bai taɓa jefa iri ba sai ya ji ta bakinsa, duk da tsokanarsa da yake yi yana ce masa bokan Turai.

Matar Farfesa, Hajiya Aina'u, ta ce tun jiya ko kunu bai karɓa ba. Kunya ta rufe Ikrima: mutum na fama da ransa, kai ka zo da zancen gero! Har ya juya, sai Farfesa ya miƙo hannu. Idon ya riga ya dushe, don haka ya laluba kwalbar har babban yatsansa ya tsaya kan wani zane da ya taɓa ƙartawa da ƙusa.

"Ya kawo nan?"

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin ke cin iri. Kar ka shuka, Ikrima, sai ya kai."

Washegari bayan azahar aka kai Farfesa makwancinsa.

Kafin sadakar bakwai gonakin mutane sun yi kore shar, ta Ikrima tana nan fayau. A zaman makoki wani ya ce, ƙasa-ƙasa, wa ke bin maganar mai magagin mutuwa. Tsoro ya hana Ikrima cin abinci. In fa ciwo ne ya yi magana, ba ilimi ba? Sau biyu yana kwance bakin buhun irin, yana sake ɗaurewa.

Sai ruwa ya ɗauke ƙafa. Kwana goma sha shida ba ko ɗigo, tsiron mutane ya kwanta ya bushe. Wallahi Ikrima bai yi murna ba, ai 'yan'uwansa ne.

Rana ta sha bakwai aka wuni ana tafka ruwa. Yana tsagaitawa Ikrima ya zaro kwalbar, ya ga ruwa ya haura zanen. Da saurinsa ya shige zauren maƙwabcin, har ya buɗe baki zai ce bokan Turai, ya kai. Sai ya ga sandar Farfesa jingine a bayan ƙofa.

Ya daɗe tsaye a wurin, babban yatsansa kan zanen.