Addu'ar Barnaba a Layin Awon Jini

Barnaba, manomin rake a wani ƙauyen Kiristoci kusa da Saulawa, dama can mutum ne mai saka abu a rai. In hadari ya taso, yana fargabar iska ta kwantar masa da rake. In bai taso ba, yana fargabar fari. Da aka ce yana da hawan jini sai abin tsoro ya ƙaru, wato na'urar nan da ake ɗaura masa a damtse a asibiti a Ikara, ta matse shi ta saki, sannan Zulaihatu mai awo ta girgiza kai.

Zulaihatu ta hana shi gishiri da nama mai kitse. Matarsa Tabita ta bi umarnin sau da ƙafa, har miyarta ta koma lami. Barnaba bai taɓa gunaguni ba, kuma shirun nan ne ya sa ta fara zarginsa. Sai ta lura duk ranar da ya kai rake kasuwar Makarfi a ƙoshe yake dawowa, gashin baki na sheƙi, aljihun riga na ƙamshin yaji. Ta shiga neman dabarar da za ta kama shi da ita.

Ranar komawa awo ya ƙi karyawa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga, yana neman hular da ke kansa. Can ya tsaya kusa da murhu.

"Maman Nuhu, anya abin nan ba ya nuna abin da mutum ya ci?"

"Wa ya sani, Maigida? Kayan zamani ne. Na ji an ce na yanzu har sunan mai naman yake faɗa."

Gumi ya karyo masa. Tabita ta ɗan ji tausayinsa, amma ba sosai ba.

A mota sai Tabita ta ce masa a zumuntar mata matar fasto ta koya musu addu'ar da ake yi da rana tsaka, in zuciya ta tashi kuma babu wurin durƙusawa. Mutum ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa, ya ja numfashi a hankali, ya ambaci abin da ke damunsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce, ya Yesu, ga shi, na bar maka. Wannan gaskiya ta faɗa, don ita ma da addu'ar take samun natsuwa duk ranar da ɗansu Nuhu ya hau hanya da babur. Abu guda kawai ta ƙara daga aljihunta.

"Sai dai ba a yin ta a zuci. Dole baki ya furta, ko da raɗa ne. Kuma ba a ɓoye ko ɗaya."

Ta san injin matse rake ya daɗe da cinye masa kunne. In Barnaba ya yi raɗa, na bayan danga ma yana ji.

Sun tarar da layi a asibitin. Suka zauna a benci kusa da wani tsoho mai jan carbi, rana ta take, layi ba ya motsi. Barnaba ya yi ta karkaɗa ƙafa har ya gaji, sannan ya buɗe hannuwansa ya rufe ido. Ya fara da raken fadama, ya miƙa. Ya kawo Nuhu da gudun babur, ya miƙa. Ya kawo kwanon cocinsu da ke yoyo, da ƙanwarsa da ba ta da lafiya a Likoro. Tabita ta ga kafaɗunsa suna sauka, numfashinsa ya daidaita, ƙafar ta daina rawa. Ta manta da shirinta, ta shiga amsa masa amin da zuciya ɗaya.

Sannan ya kawo ta ƙarshe.

"Ya Ubangiji, saura maganar balangun Safiyanu na kasuwar Makarfi. Kai shaida ne kaɗan nake ce masa, shi yake ƙara mini kitse. Yajin ma ba ni na roƙa ba, sai dai sau ɗaya ko biyu. Ga shi, na bar maka. In abin nan zai faɗa, ka sa ya faɗa a hankali, kada Maman Nuhu ta ji."

Tsohon mai carbi ya ce, "Allah ya rufa asiri, maƙwabci." Wata mata ta toshe baki da mayafi, benci ya ɗauki girgiza. Barnaba ya buɗe ido ya ga kowa na kallonsa, ban da matarsa, wadda ta duƙufa tana gyara ɗaurin zaninta. Zulaihatu kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta ji komai.

Ta ɗaura masa na'urar, ta duba, wannan karon ba ta girgiza kai ba.

"Baba, yau ya ɗan sauka. Addu'ar nan ka riƙe ta, tare da maganinka. Safiyanu kuwa ka dinga gaishe shi daga nesa."

"'Yata, abin ya faɗi sunansa ne?"

"Wannan ba ya ganin komai sai bugun jini, Baba. Kai ka faɗa."

Suka shiga motar komawa gida, aka cika ta da mutane da buhunan taki. Sai da aka fita daga gari ya juyo wajen Tabita.

"Matar fasto ce ta ce dole a furta?"

"Ita cewa ta yi a yi da gaskiya. Sauran ni na cika mata."

Barnaba ya jinjina kai. Ya gyara zama, ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa, ya rufe ido, ya yi irin raɗar tasa wadda har direba ya waiwayo.

"Ya Ubangiji, ga Tabita. Ni na kasa. Na bar maka."

Ita ce ta fara cewa amin. Kafin su kai mararrabar ƙauyensu ya yi barci, kansa a jingine da buhun taki, ita kuma ta riƙe masa hular kada iska ta ɗauke.