Ranar da Gwaggo Ta Zauna a Kujerar Baƙi

Shekara goma sha tara Gwaggo tana share ofishin lauyoyin da ke hawa na biyu. Ta san durowar da ke cijewa, ta san kofin kowa, amma ba ta taɓa zama a kujerar baƙi ba sai ranar wata Litinin da ta shigo rungume da jaka a ƙirji.

Ɗaya daga cikin lauyoyin, doguwar mace mai tabarau wadda ta fara aiki a gaban idon Gwaggo, ta ɗago kai.

"Gwaggo, lafiya? Ai kin gama nan tun da safe."

"Yau ba shara na zo ba, 'yar nan. Gida zan saya."

Ta zuge jakar. Kuɗi ne, tarin shekaru, haɗe da na gonar da ta gada. Lauya ta cire tabarau, ta dubi jakar, ta dubi matar.

"Mai gidan na jirana da la'asar," in ji Gwaggo. "'Yar takarda kawai za ki rubuta mana."

"Ko sisi ba za ki ba kowa yau ba. Tashi mu kai wannan banki. Gobe ki raka ni wani wuri."

Washegari suka tafi ofishin filaye. Aka sauka da su wani ɗaki a ƙasan bene, Gwaggo ta yi turus a bakin ƙofa. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, layi bayan layi, cike da fayiloli ɗaure da igiya, ido bai kai ƙarshensu ba.

"Duk waɗannan mene ne?" ta tambaya ƙasa ƙasa.

"Gidajen garin nan ne, Gwaggo. Kowane gida da nasa."

Ma'ajin wurin, wani dattijo mai furfura, ya ji lambar gidan sau ɗaya. Bai duba komai ba, ya ja tsaninsa zuwa layi na shida, ya hau, ya sauko da fayil ɗaya. Gwaggo ta matso ta leƙa. Ita a saninta gida bango ne da rufi. Sai ga taswirarsa, an auna shi har taku. Ga dangwalen yatsan matar da ta fara mallakar filin shekara hamsin da suka wuce, tawadar ta koɗe amma zanen yatsan na nan raɗau. Har rijiyar da aka cike a tsakar gidan an rubuta.

Lauya na bin layuka da ɗan yatsa, tana buɗe shafi da sauri kamar ba karatu take ba. Can ta tsaya cak.

"Suna biyu ne a nan. Mai gidan da yayarsa suka gaje shi. Da kin biya jiya, rabin gida kika saya."

Gwaggo ta dafe kanta. A cikin wannan tulin takarda, layi ɗaya ƙanƙane, yarinyar nan ta tsinto shi!

Mai gidan, tsohon direba ne, ba da mugunta ya yi ba. "Ai Yaya ta ce in yi yadda na ga dama," ya ce a waya.

"Na yarda, Baba. Amma sai na ji daga bakinta, na ga hannunta."

Suka sami yayar a gidan 'yarta, tsohuwa tukuf, ido ya yi rauni. Lauya ta ajiye jaka, ta durƙusa kusa da kunnenta, ta karanta mata yarjejeniyar kaf, tana tsayawa tana bayani, kusan awa guda ba ta ƙosa ba. Da ta gama, tsohuwar ta lalubo hannun Gwaggo, ta shafa kantar tafin.

"Hannun aiki ne wannan. Ke za ki zauna da kanki, ko haya za ki sa?"

"Ni zan zauna, Yaya."

"To, ku ba ni biron."

A banki aka biya su biyun a gaban shaidu. Bayan mako uku Lauya ta miƙa wa Gwaggo takarda mai hatimi. Gwaggo ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa.

"Karanta mini wurin sunan."

Aka karanta.

"Sake."

Lauya ta sake.

Ranar tarewa, Gwaggo na tsaye a tsakar gida tana kallon rana na faɗowa kan bangon da ba wanda zai ce ta tashi daga gindinsa, sai aka yi sallama. Maƙwabciya ce, da tsintsiya da bokiti a hannu.

"Sannu, baiwar Allah. Matar gidan nake nema, in taya ta gyara."

Gwaggo ta waiga bayanta don ta kira matar gidan. Babu kowa sai katifa a jingine da bango. Ta juyo a hankali, ta rufe baki da hannu, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Ni ce," ta ce. "Shigo. Ni ce."