Ginin Ƙasa, In Ji Takarda

"Sake karanta wurin nan," in ji Magini.

Direba ya gyara tabarau, ya matsa da takardar kusa da taga. Karatunsa ba mai nisa ba ne, amma ya fi na Magini. Ya bi layin da yatsa. Ɗakuna uku, rufin kwano, famfo ɗaya, ginin ƙasa, rukuni na uku.

Magini yana kwance a kan gadon ƙarfe, ƙafafunsa sun kumbura har zanen rufa ba ya ɓoye su. Wata biyu ke nan bai taka ƙofar gida ba. Ya juya kai ya dubi bangon da ke gefensa, ya daɗe yana dubansa.

"Ƙasa," ya ce. "Ni na yi ginin ƙasa."

A wannan makon duk layin murna ake yi. Ma'aikatan haraji sun zo da tef ɗin awo da fom, sun auna tsawo da faɗin kowane gida, sun ƙirga ɗakuna, sun duba rufi da famfo, sun ƙwanƙwasa bango. Da waɗannan suke yanke kimar gida, a kan kimar kuma ake ɗora harajin shekara. Ginin bulo rukuni na biyu ne, ginin ƙasa na uku, kuɗinsa bai kai rabin na bulo ba. Gidaje takwas a layin suka faɗa rukuni na uku, kuma duk takwas ɗin Magini ne ya gina su, shekara arba'in da suka wuce.

Kowa ya san abin da ya faru. Magini da jan bulo yake gini, gasasshe, a kan harsashin dutse. Sai dai bai yarda da filastar siminti ba, yana cewa tana mai da ɗaki tanda. Yaɓen ƙasa da yashi yake yi mai kauri, ciki da waje, a shafe da farar ƙasa. Malamin haraji ya ƙwanƙwasa, ya kankare da farce, ya ga ƙasa, ya rubuta ƙasa. Babu wanda ya ce masa uffan. Direba ma yana tsaye a ranar, har ruwan sanyi ya kawo masa.

Magini ya ce a rubuta takardar ƙorafi. Direba ya yi zaton wasa ne. Ya tuna masa cewa masu ƙorafi ragi suke nema, ba a taɓa jin wanda ya je ofis ya ce an rage masa ba. Matar Magini, wadda ke bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ce ai ita ta san wanda ta aura, ko a kasuwa aka yi masa ragi sai ya tsaya ya tambayi dalili.

"Maƙwabci, ka yi tunani," in ji Direba. "In suka dawo, naka zai ninka. Nawa ma haka, bango ɗaya gare mu."

"To da na gina maka, ka ce in yi maka na ƙasa?"

"Ban ce ba."

"Ya taɓa tsagewa?"

"Bai taɓa ba."

"Rubuta."

Ya rubuta. Layi huɗu ne kawai, Magini ya dangwala yatsa a ƙasa. Direba ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce gobe zai kai.

Bai kai ba. Fanshonsa na kamfanin sufuri ba ya kai shi ƙarshen wata, ga 'yarsa ta dawo gida da yara biyu tun da mijinta ya rasu. Mai shago na kan kwana ya ji labari, ya tare shi a hanya ya ce in tsoho ya rikice, ai masu hankali ba sa biye masa. Maganar ta yi wa Direba daɗi, kuma ya ji kunyar daɗin da ta yi masa.

Kullum bayan la'asar yakan shiga ya zauna a kujerar roba kusa da gadon, kamar yadda suka saba zama a ƙofar gida tun suna da baƙin gashi. Kullum Magini zai tambaya ko ya kai. Ran farko ya ce ofis a rufe. Rana ta biyu ya ce mai karɓa ya fita. Daga nan ya ce layi ya yi tsawo, gwiwarsa ba ta ɗauka.

A rana ta tara Magini bai tambaya ba. Ya sa matarsa ta ciro masa cokalin gininsa daga ƙarƙashin gado, da igiyar awo mai dalma a baki. Ya riƙe igiyar ya miƙa hannu kusa da bango. Dalmar tana ta lilo, ta ƙi tsayawa. Ya sauke.

"Shekara talatin kana tuƙi, ribas bai taɓa yi maka kyau ba," ya ce. "Ƙarya ma haka. Ga takardar can tana leƙowa daga aljihunka."

Direba ya dafe aljihu.

Magini ya yi magana a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya ce bai bar gona ba, bai bar mota ba, ɗansa ɗaya yana can wata ƙasa yana gadin kamfani. Bai iya rubuta sunansa ba. Abin da ya rubuta a duniya bangon nan ne. Yanzu hukuma ta ɗauki littafinta, wanda zai daɗe bayan kowa ya tafi, ta ce laka ya dama.

"Ba kuɗin nake so su ƙara ba," ya ce. "So nake su rubuta daidai."

Washegari Direba ya hau motar haya ya tafi ofis. Malamin harajin, mutum ne mai furfura a gemu da biro uku a aljihu, ya karanta takardar sau biyu. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi dariya. Sannan ya daina dariya, ya tambaya ko mai ƙorafin yana cikin hankalinsa. Direba ya ce ya fi su duka. Malamin ya buga hatimi, ya ce aiki ya yi yawa, sai ranar Alhamis ta sama.

Magini ya ji, ya ƙirga kwanakin da yatsu. Takwas. Ya ce to.

Ranar Talata da hantsi, Direba yana wanke tsohuwar motarsa da ba ta tashi, ya ji matar Magini tana kiransa ta kan katanga. Ba da ƙarfi ba. Da ya shiga, ya tarar an riga an ja zanen har kai. Ta ce shayi ya nema, ta je ɗorawa, kafin ruwa ya tafasa ya tafi. Cokalin ginin yana gefen filo.

Aka kai shi kafin rana ta yi tsaka. A hanyar dawowa mutane suna ta faɗin kirkinsa da taurin kansa. Direba yana baya, yana lissafin da ba ya so ya yi. Kwana tara a aljihu. Kwana biyu kacal suka rage.

Ranar Alhamis malamin haraji ya zo a kan babur, ya ga tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune, ya gane. Ya yi gaisuwa, ya zauna kaɗan, sannan ya ja Direba gefe. Ya ce a ƙa'ida, in mai ƙorafi ya rasu kafin a duba, ƙorafin ya faɗi, sai in magada sun ce a ci gaba. Shi a ganinsa a bar wa tsohuwa takardarta yadda take. Mai shago, wanda ya miƙo kunne, ya ce wannan ita ce magana.

Direba ya leƙa cikin gida. Matar Magini tana zaune a tsakar gida cikin mata, ta rame, hannunta a kan gwiwa. Ya san abin da ɗanta yake aiko mata, ya san ba kowane wata ba ne. Ya nemi ta ba shi cokalin ginin. Ta dube shi, ba ta tambayi dalili ba, ta aika aka ɗauko.

"Malam, biyo ni," ya ce.

Ya kai shi nasa gidan, ɗakin da yake kwana, gaban bangon da ya raba shi da ɗakin Magini. Ya janye kalandar da ke rataye. Ya kafa bakin cokalin ya danna. Yaɓen ya yi tauri kamar ƙashi, sai da ya sa guduma. Farar ƙasa ta zubo, sannan yashi, ƙura ta cika masa gira. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, me kake yi haka?" Bai juya ba. Da ya yi zurfin yatsa biyu, ƙarfe ya yi ƙara a kan wani abu.

Ja ne, kamar jiya aka fito da shi daga wuta. Layin simintin da ke tsakanin bulo da bulo siriri, a miƙe.

Malamin ya sunkuya, ya shafa, ya ƙwanƙwasa da bayan biro. Ya ce rabon da ya ga irin wannan aiki tun yana yaro. Sannan ya miƙe ya ce, "Baba, ka san in na gani, dole in rubuta. Gidanka zai koma rukuni na biyu, kuma ba ya dawowa."

"Na sani. Gidana na nuna maka. Ban nuna maka na kowa ba."

Malamin ya dubi bangon, ya dubi ɓangaren da gidan Magini yake. Ya ce shi ma abin da aka nuna masa yake dubawa. Ya ciro sabon fom, ya ɗora a kan jakarsa, ya cike. Ɗakuna uku, rufin kwano, famfo ɗaya, ginin jan bulo.

Direba ya ce a sa sunan wanda ya gina. Malamin ya ce fom ba shi da wurin wannan. Direba ya nuna masa wani fili a ƙasa, ya tambayi na mene ne. Na ƙarin bayani ne. Ya ce to wannan ƙarin bayani ne. Ya faɗi sunan, da na mahaifinsa, a hankali, malamin yana rubutawa. Sai da aka karanta masa ya ji, sannan ya sa hannu.

Da yamma ya mayar da cokalin. Matar Magini ta ga ƙurar da ke bakinsa, ta goge da gefen mayafinta, ta ce, "Da yana nan da ya ce ka ɓata masa yaɓe."

"Da ya faɗa," in ji Direba.

'Yarsa ta share ƙurar ɗakin, ta ce za ta nemo mai gyara ya toshe ramin. Ya ce a bar shi. Ta ɗauki kalandar za ta mayar, ya karɓa ya rataye ta a wani bangon.

Bayan la'asar ya jawo kujerar roba ya zauna a ɗakin. Rana ta shigo ta taga, ta hau bangon a hankali har ta kai kan jan bulon, wuri kamar faɗin tafin hannu. A ɗaya gefen, ana jin motsin tsohuwa tana jan gadon ƙarfe za ta share ƙarƙashinsa.