Injiniyar da Ba Ta Cikin Jirgin

Auta ta girma da labarin wani shirin talabijin da ba ta taɓa gani ba. Tana ƙarama shan inna ya kwantar da ita, ya bar ta da ɗingishi. Gidansu babu talabijin, sai gidan maƙwabcinsu mai sayar da magani. Duk ranar da ake nuna shirin, Yayanta yakan taka bulo ya leƙa ta tagar mutanen, ya dawo ya zauna bakin tabarmarta ya zayyana mata komai: jirgin da ya ɓace tsakanin taurari, kyaftin mai gashin baki, da wata 'yar ƙaramar injiniya mai ɗingishi wadda in inji ya tsaya kowa sai ya koma bayanta.

Yanzu Auta ta yi furfura a gefen kai, kuma gyaran injin jirgin sama ne aikinta. Yaya kuwa mai aski ne. Da aka yi masa aikin gwiwa, likita ya hana shi tsayuwa, zaman ɗaki ya ishe shi har ya fara yi wa matarsa faɗa a kan labule. Auta ta bi kwatancen da take riƙe da shi tun yarinta, ta yi ta bincike a wayarta har ta gano shirin. Ranar hutunta da hantsi ta zo da shi, ta jona a talabijin ɗinsu.

"Yaya, tsohon abokinka na kawo maka."

Da jirgin ya bayyana, Yaya ya gyara matashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Matarsa ce ta fara magana.

"Wannan ne jirgin? Ai ga zaren da aka rataye shi can ina gani."

"Ki bar zare ki kalli labari," in ji Yaya.

"Shi kuma mutum-mutumin nan, wallahi kwandon shara ne aka kifa wa wani a ka."

Auta ta yi dariya har da hawaye, amma shirin ya kama ta. Mutanen jirgin sun sauka wata duniya inda ake tsoron baƙi, kyaftin ya hana kowa taɓa bindiga, ya zauna a ƙasa yana nuna musu tafin hannunsa. Matar Yaya ta ce sakarci ne, Auta ta ce ita ma haka za ta yi, aka yi ta musu har shayi ya huce.

Shirin ya ci gaba, kashi bayan kashi. Inji ya tsaya, aka kira injiniya, sai ga wani ƙaton mutum mai sanƙo ya shigo yana share gumi. Auta ta ce a ranta wataƙila mataimakinta ne. Ta jira. Mace ɗaya ce a jirgin, doguwa, aikinta amsa waya. Da injin ya sake tsayawa mai sanƙon ya sake fitowa, sai Auta ta dakatar da hoton.

"Yaya, ina injiniyar?"

"Ga shi nan."

"A'a. Mai ɗingishin."

Yaya ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa kamar ita za ta cece shi.

"Auta, tagar nan fa gilashi gare ta. Ko tari ba na ji, kuma ko na ji, yaren ba nawa ba ne. Hoto nake gani, in haɗa sauran a hanya." Ya juyo ya dubi Auta. "Ran farko na ce miki ƙato ne, kika juya fuska bango. Washegari sai na rage masa tsawo."

Matarsa ta tafa hannu. "Ashe tun kana yaro kake yi wa mutane aski."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta tuna ranar da malamin makarantar koyon sana'a ya dubi ƙafarta ya ce ko za ta gwada ɗinki, da yadda ta amsa masa ba ko ɗar, don a saninta an taɓa yin irinta. Ta dubi Yayanta, da tsohuwar singileti da gwiwa a naɗe.

"Allah ya saka maka da alheri, Yaya."

"Amin. To, sakar mana hoton."

"Ban gama ba."

"Kin gama. In kika sa ni kuka, matar nan sai ta kai labarin har shago."

Ta saki hoton. Can wajen la'asar aka kai inda kyaftin ya maƙale a wajen jirgi, iskar tulun numfashinsa tana ƙarewa. Matar Yaya, wadda ta manta da zare tuni, ta matso bakin kujera.

"Baban yara, faɗa mini, zai mutu?"

"Ban sani ba. Kafin a nuna ƙarshen wannan mai magani ya tashi daga unguwar."

"To da kake ce mini ya tsira?" in ji Auta.

"Ina fata dai."

Matarsa ta miƙe ta kashe murhu don kada girki ya raba mata hankali, ta dawo ta ce wa Auta ta ƙara sauti.